Yaro na tsallaka iyakar jiha, kariyarsa na tsayawa a baya: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan yara suke, kuma kusan kowace ta taɓo abu guda: me zai faru idan matsalar yaro ta fara a wata jiha ta ƙare a wata. Masu amsawa sun haɗa da lauya, ma'aikaciyar jinya da jami'in walwalar jama'a. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya daga wani magidanci a Gusau: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa yanzu jihohi sun sa hannu a dokar kare yara. To me kuma ya rage da ake ta kiran a yi tsari ɗaya na ƙasa baki ɗaya?

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji haka yake, amma rubutun doka aka gama, aikin na nan gaba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, Majalisar Tarayya kuma ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Sai dai kundin tsarin mulki na 1999 bai sa sha'anin yara cikin abubuwan da tarayya ke da ikon yi wa kowa doka a kansu ba. Saboda haka dokar ta 2003 a Abuja kawai take aiki kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Legas ta yi a 2007, Kaduna a 2018, Katsina a 2020, Sakkwato a 2021, Borno a 2022, Kano da Bauchi sai 2023. An kwashe shekara 20 ke nan, kuma kowace majalisa ta ƙara nata ta rage nata. Yau muna da dokoki masu kama da juna a suna, amma sun sha bamban a hukunci, a ma'anar wasu laifuka, da kuma ofishin da aka ɗora wa aiki.

Yaro kuwa ba ruwansa da wannan. Motar haya za ta fitar da shi daga Kano zuwa Jigawa ko Katsina kafin a yi sallar azahar. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka sanar da ceto yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin, akasarinsu a Anacha ta jihar Anambra aka samo su, an sauya musu suna, wasu sun shekara da shekaru a can. Iyayensu sun kai rahoto tun lokacin da suka ɓata. Rahoton yana cikin littafin caji ofis na unguwa, yaran suna nisan tafiyar yini guda a mota, kuma babu wata hanya da makaranta ko asibiti ko ofishin walwala na can zai bi ya gane cewa ana neman waɗannan yara a nan. Wannan giɓin ne ake nufi.

Tsarin ƙasa da muke magana a kai abubuwa ne na aiki. Ana buƙatar rajista guda ta yaran da suka ɓata da waɗanda aka tsinta, wadda kowane caji ofis zai shigar da suna da hoto a ranar da aka kawo rahoto, kowace jiha kuma ta iya dubawa. Haka nan lambar waya guda ta yara wadda za a ɗauka dare da rana, da Hausa da sauran harsuna. Indiya ta daɗe da irin wannan, lamba 1098. Fom ɗin buɗe fayil ya zama iri ɗaya, don jami'in Zariya ya karanta abin da na Ibadan ya rubuta ba tare da sake yi wa yaro tambayoyi daga farko ba. Sai rubutacciyar ƙa'ida kan wace jiha ce ke da alhakin yaro, wadda aka same shi a cikinta ko wadda ya fito, da wanda zai biya kuɗin mota da abinci da magani kafin ya isa gida. A nan ne yawancin shari'o'i ke mutuwa, don kowace jiha cewa take ba ɗanta ba ne.

Girman matsalar ma ya wuce a bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro namiji 1 cikin 10 sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Ostireliya ma tarayya ce, kare yara aikin jihohinta ne, amma a 2009 gwamnatin tsakiya da jihohin suka zauna suka amince da tsari ɗaya da zai yi aiki na tsawon shekaru, kowa ya ci gaba da riƙe dokarsa. Ana iya yin haka ba tare da an taɓa kundin tsarin mulki ba.

Tambaya daga wani limami a Haɗejiya: Tsoronmu shi ne a zauna a Abuja a rubuto mana abin da ya saɓa wa addini, musamman kan aure da ɗaukar ɗan wani a mayar da shi ɗa. Shin ba ƙofar da ake son buɗewa ke nan ba?

Allah ya gafarta Malam, wannan tsoron ne ya sa dokar 2003 ta daɗe tana jira a Arewa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Sashe na 21 na waccan doka ya ce wanda bai kai shekara 18 ba ba zai ƙulla aure ba, akwai kuma babi a kan ɗaukar ɗa. Amma a duba kundin tsarin mulki: ikon da ya bai wa tarayya kan aure bai haɗa da auren Musulunci da na gargajiya ba, an fitar da su ƙarara. Kotunan shari'ar Musulunci na nan da huruminsu kan aure, reno, gado da waliccin yara. Babu takardar manufa daga wata ma'aikata da za ta soke wannan.

Batun ɗaukar ɗa kuma yana da mafita a cikin addinin kansa. Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira yara da sunan ubanninsu, don haka ba a sauya nasaba, ba a shigar da yaro gado kamar ɗan cikinsa. Amma kafala, wato ɗaukar nauyin maraya ko tsintacce, aikin lada ne babba, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ambaci kafala da sunanta a matsayin hanyar kula da yaron da ya rasa iyali. Abin da tsarin ƙasa zai nema shi ne a rubuta: wane ne ya karɓi yaron, a gaban wace kotu, wane jami'i ne zai leƙa gidan bayan wata 3 da bayan wata 6. Rashin wannan rubutu ne ke bai wa masu sayar da jarirai dama, don jaririn da ba a san inda aka kai shi ba, ba a san ranar da ya ɓace ba.

Ra'ayinmu kan aure a fili yake: yarinyar da jikinta bai gama ƙwari ba tana cikin haɗarin doguwar naƙuda da yoyon fitsari, duk wanda ya shiga ɗakin masu wannan lalura a asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san ba zance ba ne. Muna goyon bayan a bar yarinya ta gama karatun sakandare. Amma wannan muhawara ce da malamai da likitoci da majalisun jihohi za su ci gaba da yi. Kuskure ne a riƙe duk sauran aikin sai an gama ta. Babu mazhabar da ta yarda a ɗaure yaro da mari a bar shi da yunwa, ko a yi wa 'yar shekara 6 fyaɗe a rufe maganar da buhun masara. A kan irin waɗannan ne ake neman ma'auni ɗaya daga Sakkwato har Kalaba, kuma zaman rubuta shi dole a yi shi da malamai da sarakuna a teburin tun ranar farko.

Tambaya daga wata shugabar makaranta mai zaman kanta a Minna: Mun sallami wani malami saboda taɓa ɗalibai mata. Daga baya muka ji yana koyarwa a wata jiha. Me ya kamata mu yi tun farko?

Hajiya, sallama kaɗai ba ta isa ba, ta tura matsalar ne zuwa ga 'ya'yan wasu. Ranar da ƙorafi ya zo, a dakatar da malamin daga shiga aji, a rubuta abin da yarinya ta faɗa da kalmominta, da kwanan wata da sa hannun wanda ya saurara, a kira iyaye, a kai rahoto ga 'yan sanda da ma'aikatar ilimi ta jiha a rubuce, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A aika wani kwafin ga Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda ke da ikon ladabtarwa da cire suna daga rajista. Kada a haɗa yarinya da malamin a ofis ɗaya wai don a ji ta bakin kowa. Yara da yawa a nan suke janye magana.

Tun watan Nuwamba na 2019 akwai rajistar masu laifin lalata ta ƙasa a hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa. Rauninta biyu ne. Sunan da bai bi ta hannun hukuma ba ba zai shiga ba, kuma yawancin makarantu ba sa dubawa kafin su ɗauki ma'aikaci. Gyaran shi ne a sa duba rajistar ya zama sharaɗin lasisin kowace makaranta, Islamiyya, gidan marayu da wurin renon yara, har da direban motar makaranta da maigadi. Kafin a kai ga haka, ku riƙa kiran makarantar da mutum ya baro da bakinku, kada ku tsaya ga takardar shaida da ya kawo. Wannan malami kuma, har yanzu kuna iya kai rahotonsa.

Tambaya daga wata uwa a Kano: An lalata 'yar ƙanwata mai shekara 9. Dangin mutumin sun zo da dattawa suna neman sulhu, wasu a gidanmu na cewa a rufa asiri. Ina za mu fara?

Baiwar Allah, Allah ya ba yarinyar lafiya, ya ba ku juriya. Asibiti ne farko, kafin caji ofis, kafin zaman dattawa, saboda akwai magungunan da ke da ƙayyadadden lokaci. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma ana shan sa kwana 28 ba tsallake. Yarinyar da ta fara al'ada ana ba ta maganin hana ɗaukar ciki cikin kwana 5. Akwai maganin cututtukan sanyi, da allurar kariya daga ciwon hanta, da ta tetanus idan akwai rauni. Ko kwanakin sun wuce a je, don akwai gwaji da jinya da rubuta shaidar likita.

Idan abin bai daɗe ba, kada a yi mata wanka ko tsarki da ruwan zafi kafin likita ya gani, duk da mun san hannun uwa can yake fara zuwa. Kayan da ke jikinta, har da kamfai da zanen gado, a naɗe su a takarda ko ambulan. Leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Kada a yi ta maimaita mata tambaya, kowa ya shigo ya ce faɗa mini. Mutum ɗaya da ta yarda da shi ya saurara, ya gaya mata ba laifinta ba ne. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. An kafa su ne don irin wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa, don haka kada a mayar da ku a ce sai kun kawo takardar 'yan sanda.

Bayan asibiti sai rahoto. Ku nemi sashen da ke kula da mata da yara, ku karɓi sunan ɗan sandan da ke bincike da lambar fayil. Shari'ar fyaɗe ba ta ƙarewa a caji ofis na unguwa: fayil na zuwa sashen binciken manyan laifuka, daga nan ma'aikatar shari'a ta ba da shawara a gurfanar. Tsakanin waɗannan matakai ne fayil ke kwanciya wata da watanni, iyaye su gaji da kuɗin mota, shaidu su watse. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam na jiha suna taimakawa wajen bin sawu.

Sulhu kuwa, ku ba dattawa haƙuri cikin girmamawa. Wannan laifi ne da hukuma ke tuhuma, kuma wanda aka rufa wa asiri yau yana komawa cikin yaran unguwa gobe. Asirin da ya wajaba a rufa na yarinyar ne: kada a sa sunanta ko hotonta a Facebook ko WhatsApp ko da da niyyar neman taimako.

Abin da ke damunmu shi ne duk wannan ya dogara da garin da yarinya take. Wadda ke kusa da cibiya za ta samu magani a rana ɗaya, wadda ke ƙauye mai nisa awa 72 za ta cika tana hanya. Hukunci ma haka: dokar 2003 ta ce ɗaurin rai da rai, Kaduna ta ƙara dandaƙa a 2020, wasu wuraren kuma a ƙare da 'yan shekaru. Ma'aunin ƙasa ya kamata ya ce kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma ya ajiye waɗannan magunguna, da fom ɗin likita iri ɗaya da kowace kotu za ta karɓa, kyauta.

Tambaya daga wani alaramma a Zariya: A lokacin korona an kwashe almajirai an mayar da su jihohinsu, bayan 'yan watanni suka dawo. Me ya sa abin bai yi aiki ba?

Allah ya gafarta Malam, saboda kowace jiha ta yi ƙoƙarin sauke nauyi ne, ba wanda ya shirya karɓa. A watannin Afrilu da Mayu na 2020 gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai gida. Aka loda yara a motoci, wasu ba a yi musu gwaji ba sai da suka isa, aka samu masu ɗauke da cutar a cikinsu, jihohi suka shiga musun alƙaluma da juna. Yaro ƙarami da aka tambaya garinsu zai faɗi sunan ƙauyen da ya ji a bakin malaminsa, ko sunan da ƙauyuka biyar ke amsawa. An sauke wasu a sakatariyar ƙaramar hukuma an miƙa wa hakimi, aikin ya tsaya nan. Talaucin da ya sa uba ya tura ɗansa yana nan, makarantar ƙauyen ba malami, to me zai riƙe yaron?

Mayar da yaro gida aiki ne mai matakai. Ana fara rubuta bayanansa a inda yake, da hoto, da sunan uba da kaka da mai unguwa. Jami'in jihar da zai koma ya je gidan da ƙafarsa ya tabbatar akwai mai karɓa kuma gidan ba shi ne abin da yaron ya gudo wa ba. A duba lafiyarsa kafin tafiya. A miƙa shi hannu da hannu da sa hannun uba da dagaci. A sa shi makaranta a makon farko, a koma a duba shi bayan wata guda da bayan wata 3. Ko mataki ɗaya aka tsallake, yaron zai koma tasha.

Kuma jiha ɗaya ba ta iya wannan ita kaɗai. Idan Kano ta hana bara Jigawa ba ta hana ba, an matsar da yaran ne kawai. Akwai kuma yara daga Jamhuriyar Nijar da Chadi a tsangayun Arewa, wanda magana da ƙasashensu aikin gwamnatin tarayya ne. Makarantun tsangaya na zamani da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 sun nuna illar rashin yarjejeniya: tarayya ta gina ta miƙa wa jihohi, ba a daidaita wanda zai ci gaba da ciyarwa da biyan malamai ba, da yawa suka lalace. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, ita ce wurin da ya dace a ɗaure wannan magana.

Ku alarammomi akwai abin da ke hannunku tun yau: littafin rajista. Sunan kowane yaro, shekarunsa, sunan uba, gari, lambar waya biyu, ranar da aka kawo shi. Kada a karɓi yaron da bai iya wanke jikinsa da kansa ba, kada a karɓi fiye da waɗanda ake da wurin kwanansu. Abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yara a cikinsu, wasu da mari a ƙafa, ya shafa wa masu karantarwa na gaskiya baƙin jini. Rajista da ziyarar duba su ne ke raba ku da irin waɗancan.

Tambaya daga wani manomi a ƙaramar hukumar Ningi: Wata dillaliya ta kai 'yata mai shekara 11 aikatau Abuja. Wata 5 ke nan ba mu ji muryarta ba, matar kuma tana ta yi mana hanya-hanya.

Malam, kada ka ƙara kwana kana jira. Ka kira NAPTIP a lamba 627, ka kuma kai rahoto caji ofis mafi kusa da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Ka tafi da hoton yarinyar, cikakken sunan dillaliyar da lambar wayarta, ranar tafiya, tashar da suka hau mota, da duk wata shaidar kuɗin da aka turo maka. Kada ka gargaɗi matar cewa za ka kai ƙara, don ana iya sauya wa yarinyar gida a dare ɗaya. NAPTIP hukumar tarayya ce, tana da ofisoshi a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Legas da wasu biranen, don haka iyakar jiha ba ta tsayar da ita. Wannan ma shaida ce cewa inda aka yi tsari ɗaya, aiki na tafiya.

Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7. Dokar 2003 kuma ta hana sa yaro aikatau a wajen danginsa, yaro a wurinta shi ne wanda bai kai 18 ba. Ka ga dokokin tarayya biyu ma ba su daidaita da juna ba, masu ɗaukar 'yan aiki kuma a wannan tsagar suke fakewa. Muna faɗa maka gaskiya, za a yi maka tambaya kan yadda ka ba da ita. Ka faɗi abin da ya faru yadda yake. Dawo da yarinyar shi ne kan gaba. In ta dawo, a kai ta asibiti a duba ta ko da ta ce lafiyarta ƙalau.

Tambaya daga wata malamar Islamiyya a Jos: An kama ɗan maƙwabcinmu mai shekara 14 kan zargin satar waya, yana ɗaki ɗaya da manya. 'Yan sanda sun rubuta shekararsa 18. Haka doka ta ce?

A'a, Malama. Yaron da aka kama dole a sanar da iyayensa nan take, a raba shi da manya, kuma tsarewa ita ce matakin ƙarshe. A ƙaramin laifi doka ta bai wa 'yan sanda damar kashe magana ta hanyar gargaɗi, biyan diyya ko sa ido, ba sai an je kotu ba. Idan za a je, kotun iyali ce, a zaman sirri, ba a buga sunansa. Kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ku nemi lauyan Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kyauta ne.

Komai ya rataya ne a kan shekaru, shi ya sa ake ƙara su a takarda. Ku kawo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, in babu, katin rigakafi, rajistar shiga firamare ko takardar asibitin da aka haife shi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka yi wa rajistar haihuwa kashi 57 ne cikin 100, ragowar ba su da abin da zai kare su a irin wannan rana. Iyaye su karɓi takardar tun ana goyo.

Ko alƙali ya so yin daidai, sau da yawa ba shi da inda zai kai yaro. Gidajen horar da matasa na tarayya da aka daɗe da su uku ne, a Kaduna, Ilori da Abekuta, gidajen ajiye yara na jihohi kuma wasu sun lalace, wasu jihohin ba su da isassu. A watan Nuwamba na 2024 duk ƙasa ta ga yaran da aka kwaso daga Arewa bayan zanga-zangar watan Agusta, aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya a Abuja bayan kusan wata 3 a tsare, wasu suka faɗi a gaban alƙali, sai da shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. Dokar da ta hana haka tana nan tun 2003.

Tambaya daga wani kansila mai ci a jihar Yobe: Duk wannan da kuɗi ake yi. Wa zai biya?

Ranka ya daɗe, akwai samfuri a gida. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 don lafiya a matakin farko. Kare yara ba shi da kaso irin wannan, yana rayuwa ne da abin da ya rage a kasafin ma'aikatar mata da tallafin ƙungiyoyin waje, wanda ke ƙarewa ranar da aikinsu ya ƙare. A yi asusu na tarayya da sharuɗɗan da za a iya ƙirgawa: jiha ta nuna kotun iyali mai zama, da wurin kwana na gaggawa, da jami'an walwala masu albashi, da rahoton shekara, sannan a sakar mata kuɗi. A koyi darasi daga asusun ilimi, inda biliyoyin naira ke kwance saboda jihohi sun kasa kawo nasu kason. A bar wani ɓangare ya tafi kai tsaye ga magani, layin waya da jigilar yara ba tare da jiran jiha ba.

A matakinku, ƙananan hukumomi 774 ne ke kusa da yaro. Dokar 2003 ta tanadi kwamitin aiwatar da haƙƙin yara a tarayya, jiha da ƙaramar hukuma. Ka duba dokar jiharku ka tambayi shugaban ƙaramar hukumarku ko an kafa naku, da ranar da ya yi zama na ƙarshe. A kasafin baɗi ka nemi layi mai suna na kare yara, wanda zai ɗauki babur da mai ga jami'in walwala, katin waya, kuɗin kai yaro asibiti da ciyar da shi na kwana 3, da littafin rajista a fadar kowane dagaci. Ka nemi a riƙa karanta wa majalisarku adadin yaran da aka kawo rahotonsu da inda kowane fayil ya tsaya, duk wata 3.